Masu sayen okid ɗin Masdevallia a Kano, ga inda kuke kashe ta

Jama'a na gaji wallahi. Duk bazara sai an turo min hoton tukunya, ganye sun zube sun bar 'yan tsirarun sanduna a tsaye, ana tambayata wane magani za a fesa. Babu abin da za a fesa, shukar ta tafi tun kafin a ɗauki hoton. Kuma abin haushin kusan kurakurai iri ɗaya ne kowa ke yi, shi ya sa na ce bari na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai na tura masa.

Da farko ku san me kuka saya. Masdevallia shukar fure ce daga dangin okid, 'yar tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ce, yawancinta a Kolombiya da Ekwado da Peru da Bolibiya, ko da yake akwai wasu har Meziko da Brazil, nau'inta ya haura 500. Turawan Sifaniya biyu, Ruiz da Pavón, su suka sa mata suna a 1794 don girmama wani likita José Masdevall. Da yawa daga cikinsu suna zaune ne sama da mita 2,000, a dajin da gajimare ke ratsawa ta cikin bishiyoyi, komai a jiƙe, iska na kaɗawa. Mu kuma nan Kano ko mita 500 ba mu kai ba. Abin da take so da rana maki 18 zuwa 24 ne, da dare ya sauka wajen 10 zuwa 13. To a watan Afrilu mu daren namu ma yakan tsaya wajen 25, ranar kuwa 40 ba labari ba ne. Wato lokacin da muka fi samun sauƙi, ita a nan ta fara galabaita.

Babban kuskuren, wanda ni ma ya ci min kuɗin da har yau ba na son tunawa, shi ne a ce ai ina da esi a falo, shikenan. Malam, Hajiya, sanyin esi daban, sanyin dajin gajimare daban. Ka zagaya bayan ɗakinka ka kalli ruwan da ke ɗiga daga tiyon esin nan, wannan fa danshin ɗakin ne yake matsowa yana zubarwa a waje. Ita kuma shukar tana neman danshi kashi 70 zuwa 80 ko fiye, sai ka ajiye ta daidai inda iskar ke bugowa, sanyi ya samu amma sabon toho ya maƙale ya ƙi buɗewa, fure ya bushe tun yana ƙunshe. Sannan a ɗauke wuta da azahar, janareta ba mai, ɗakin da aka rurrufe ya zama tanda cikin awa biyu. Nawa haka suka tafi, na yi 'yar tafiya a tsakiyar bazara, na dawo na tarar da ganyen duk a kan tebur, kore shar kamar ba abin da ya same su, ka taɓa wanda ya rage sai ya ɓalle daga gaɓarsa. Haka zafi yake mata, ba ta yin rawaya a hankali ta ba ka lokaci, watsar da ganyen take yi kawai.

Kuma kar wani ya ce min to ai hunturu akwai sanyi. Akwai, daren Disamba da Janairu yakan sauko wajen 13, daidai abin da take so, amma lokacin ne iska ta fi bushewa, leɓe ma tsagewa yake. Da damina kuma ga danshi amma sanyin dare bai kai ba. Garin nan ba ya ba ka biyun a tare, kai ne za ka haɗa su da hannunka.

Ni abin da nake yi, ban ce kowa ya yarda ba, tsohon firij ɗin lemo na samu mai ƙofar gilashi, mai gyara ya sa min abin daidaita sanyi don kar ya yi ƙasa da 12, na sa ɗan kwan fitila na LED a sama, ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta tana juyawa dare da rana, da faranti mai ruwa a ƙasa saboda shi ma firij yana busar da iska. Duka a kan sola suke, ba na haɗa su da layin gida. Fankar nan kar ka raina ta, danshi ba iska ruɓa ne, baƙaƙen ɗigo za su fara fito maka a ganye. Na kuma ajiye tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar nan da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don ajiye kayan miya har ya ci kyautar Rolex a 2000, in batir ya gaza nan nake kai su saiwar ta samu sauƙi. Tana aiki sosai in iska a bushe take, da damina kam ba ta yin wani abin kirki. Kuma ka sayi ma'aunin zafi da danshi ka rataye a ciki, ka daina aunawa da fatarka.

Na biyu ruwa, kuma a nan ne nake yin faɗa da mutane. Wani ya ji an ce okid ba ya son ruwa, sau ɗaya a sati ya isa, har da masu ɗora ƙanƙara a kai. Wannan magana ta wasu okid ce daban, masu kumburarren tushe ko ganye mai kauri da suke ajiyar ruwa a ciki. Ɗauki Masdevallia ka duba da kyau: siririn kara, ganye ɗaya tal a kansa, sai saiwoyi sirara. Ina ma'ajin? Babu. In ta bushe ƙarau sau ɗaya saiwar ta mutu, kai kuma ka ga ta yi yaushi sai ka dinga ambaliya mata ruwa, matacciyar saiwa ba ta sha, sai ruɓa ta biyo baya. Gansakukar sifagnam da ake dasa ta a ciki ta kasance kamar tsumman da aka wanke aka matse, kullum haka, ba jagab ba kuma ba ƙarau ba.

Sannan wane ruwa? Wata 'yar uwa ta kira ni gidanta a Nasarawa, ta yi komai daidai, har akwatin gilashi ta sa aka yi mata, amma bakin kowane ganye ya yi baƙi yana cin ciki. Na ɗaga tukunyar sai ga farin ɓawo ya zagaye bakinta da ramin ƙasa. Na ce Hajiya da me ake ba ta ruwa, ta ce yaron gida ne ke ɗebowa a tankin burtsatse, wani lokacin kuma na 'yan ga-ruwa. To ga shi nan. Shukar da a gidansu ruwan sama da hazo kawai ta sani, ka ɗora mata gishirin ƙarƙashin ƙasa kullum yana taruwa a gansakuka. Haba jama'a, ka kashe dubban nairori a kan shuka amma ɗan abin auna gishirin ruwa mai kama da biro ya gagare ka? Ni in ya nuna sama da 100 ba na zubawa. Ruwan sama nake tarawa a jarkoki da damina, ban da na farko-farko mai wanko ƙurar kwano, in ya ƙare sai tataccen ruwa. Ruwan leda kuma kar ka ɗauka duk ɗaya ne, auna kafin ka yarda.

Sauran ƙanana ne amma suna kisa. Kar ka kai ta wurin masu fulawa na gefen titi su cika maka tukunya da ƙasa da kashin shanu, saiwarta iska take shaƙa. NPK na masara ba nata ba ne, takin okid ma kwatan abin da aka rubuta nake sawa, jefi-jefi. Babbar tukunya ba gata ba ce, ƙarama matsattsiya ta fi. Rana kai tsaye haram, inuwa mai haske. Gansakuka tana tsami, a canja duk shekara, ni cikin sanyi nake yi ba da bazara ba. In nau'in tovarensis gare ka, mai farin furen nan 'yar Benezuwela, kar ka yanke sandar fure muddin tana kore, tana sake fitarwa a kanta.

Sai masu sayen "irin okid mai fuskar biri" a intanet. Furen gaskiya ne, Dracula simia sunansa, 'yar uwar Masdevallia ce, da can ma a gida ɗaya ake lissafa su sai a 1978 Carlyle Luer ya ware Dracula daban. Amma irin shuka na okid gari ne kamar ƙura, ba shi da abincin da zai tsira da shi, sai da taimakon wani fangas ko a cikin kwalba a ɗakin gwaji. In aka aiko maka da ƙwayoyi da za ka iya ƙirgawa a tafin hannu to an yi maka sakiyar da ba ruwa. Ita Dracula ɗin ma ta fi Masdevallia tsiya wajen son sanyi da danshi, ga furen yawancinsu ta ƙasa ko ta gefe yake ɓullowa, kwando ake sa su ba tukunya ba, sabon shiga ya bar ta tukuna.

Wanda ya dage sai Masdevallia, ya fara da nau'in floribunda ko infracta, sun fi jure ɗumi, kar ya fara da veitchiana ta wajen Machu Picchu a Peru don ya ga lemon kalar nan ta burge shi. Wanda ba shi da sola kuwa shawarata ya sayi wani okid daban mai jure ɗumi, Phalaenopsis, ko Ansellia africana wadda tamu ce ta Afirka, tana da ma'ajin ruwa kuma ta san zafi. In kuma daga waje za a kawo maka, okid yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin tsirrai da namun daji masu fuskantar barazanar ƙarewa, ka tabbata mai sayarwar ya haɗo da takardunsa, ka kuma tsara kayan su iso a Disamba, firij ɗinka ya riga ya yi sati yana aiki kana duba ma'aunin safe da yamma.