Yadda ake kallon tsofaffin finafinan Hausa da sauraren kaset ɗin barkwanci har a ji daɗinsu

Bara na tura wa ɗan yayata tsofaffin finafinai goma sha biyu a memori. Bayan kwana uku ya zo gaishe ni, na tambaye shi ya ya gan su, sai ya ce, "Kawu, hoton dishi-dishi ne, kuma surutu ya yi yawa." Ashe har ya goge su. Abin ya dame ni, domin na ga samari da yawa sun yi haka, kuma kusan kullum hanyar da suka bi ce ta kayar da su.

Da farko ka ɗauki guda ɗaya tak. Kada ka je wurin masu tura finafinai ka ce a cika maka waya, ko da sun ce goma-goma ya fi araha. Wanda ya tara da yawa ɗanɗana kowanne yake yi na minti biyu ya wuce. Ni a wurina da barkwanci ake farawa, kamar Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi ko wasannin farko na marigayi Rabilu Musa Ibro. Fim ɗin soyayya mai kashi uku ka bar shi sai ka saba.

Na biyu, ka cire rai da hoto, ka gyara sauti. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a kaset ɗin bidiyo ya fito, haka ma finafinan da suka biyo shi shekaru da dama. Abin da ke yawo yanzu an kwafo shi daga kaset, an mayar faifai, an sake matse shi don ya shiga waya. Ba za ka samu tas ba. Amma magana tana nan, kuma a magana gwanintar take. Ka haɗa da 'yar sifika ko talabijin, lasifikar waya tana cinye rabin muryar.

Mataki na uku shi ne inda ɗan yayata ya faɗi, kuma nan ne nake so ka tsaya. Kada ka ja fim gaba. Ka ajiye rimot nesa da hannunka. Barkwancin da ka saba gani a TikTok cikin daƙiƙa talatin yake ba ka dariya, na da kuwa girki ne, sai an hura wuta an jira. Za ka ga mutum ya yi sallama, an shimfiɗa masa tabarma, an yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi iyali da gajiya da ruwa, kai kana ganin ɓata lokaci ne. A cikin gaisuwar nan ake nuna maka cewa baƙon bashi ya zo karɓa, mai gida kuma jan zancen yake yi don kada a iso wurin. In ka tsallake minti huɗun nan, lokacin da mai gida zai zura da gudu ta bayan gida ba za ka ga abin dariya ba.

Kuma kada ka kalla kai kaɗai. Waɗannan wasanni an yi su ne don tsakar gida, lokacin da talabijin ɗaya ke tara yaran unguwa guda, ana jiran NTA Kaduna ko CTV ta Kano. Ka nemi wanda ya ga zamanin, mahaifiyarka ko baffanka, ka zauna kusa da shi. Pategi tsohon soja ne, Hausar bariki da yake cakuɗawa da Turanci ba ƙirƙira ba ce, wanda ya zauna da sojoji ya san ta. Da na sake kiran yaron muka kalla tare da mahaifiyarsa, tun kafin Samanja ya buɗe baki ta fara dariya, da ya murza gashin baki kawai. Ta riƙa gaya masa me ake nufi da wannan, wa ake yi wa shaguɓe da wancan. Shi da kansa ya ce a sa na gaba.

Kaset ɗin sauraro kuwa, irin na 'yan kama da 'yan gambara, da daddare ake jin sa, ba a kan babur ko cikin hayaniyar kasuwa ba. Ɗan kama yana kwaikwayon salon karatun malamai ne amma zancen duk na tuwo da miya da nama, don haka sai ka kasa kunne ga kowace kalma. Ka ji sau biyu. A karo na farko karin muryar za ka kama, a na biyu kalmomin.

In ka samu ainihin kaset a akwatin gida, ka duba ko ya yi fumfuna kafin ka sa a rediyo, in zaren ya saki ka naɗe shi da biro, sannan ka kai a juye maka shi a waya tun bai tsinke ba.