Yadda ake saka safa da ƙafar roba ba tare da dungu ya gurje ba

Shekarata tara da ƙafar roba, a ƙasan gwiwa aka yanke min. Sabbi da yawa na gani sun jingine ƙafar bayan sati biyu suna cewa ba a yi ta daidai ba, alhali wallahi yawanci matsalar safa ce.

Da farko dungu ya bushe ƙarau kafin ka saka komai. Wanke shi da shafa mai ka bar su sai dare, kar ka kuskura ka shafa basilin da safe ka ɗora safa. Fata mai danshi ta fi kama zare, shi ya sa da zufa ta fara sai guga ta ƙaru. Ja safar ta miƙe sumul, ɗinkin ya kalli waje kuma ya kauce wa tabon aiki, don ɗan naɗewa guda ɗaya ya isa ya tasar maka da bororo kafin la'asar. Mai amfani da rigar silikon, wato robar laushi da ake zura wa dungu, ita ce a jikin fata, safa a kanta.

To ga inda ni na sha wuya. Safar nan tana da lambar kauri, akwai mai 1, mai 3, mai 5. Dungu da safe a cike yake, kana takawa yana raguwa, zuwa azahar soket ɗin, wato kwarmin ƙafar da dungu ke shiga, da ya kama ka tsam ya yi maka yawa, sai dungu ya riƙa hawa da sauka a ciki duk taku ɗaya yana gogar safa, kai kuma kana ta tafiya kana cewa ai haƙuri ake yi. Haka na yi, na ƙare da wata guda a kan sanda. Da ka ji ƙasan dungu yana taɓa gindin soket, ko ƙafar tana juyawa, nemi wuri ka zauna ka ƙara mai 1. In da zufa, goge dungun ka sauya busasshiya. Ni ba na fita sai da guda biyu a aljihu. Ka ƙara kuma ka ji matsi dungu ya ƙi shiga ƙasa, ta yi yawa, rage.

Safar ƙwallo ta kasuwa da mutane ke saka don araha, dan Allah a daina, ɗinkin yatsu da robar bakinta ne ke cin fata. Gara ka tambayi masu haɗa ƙafa, irin na asibitin ƙashi na Dala, inda ake samun ta ainihi.

Da dare duba dungu da madubi, musamman mai ciwon suga. Jan da bai baje ba bayan minti 20, ko fata ta fashe, ajiye ƙafar ka je a duba. Safa kullum a wanke da sabulu mara ƙarfi, ɗauraya sosai, shanya a inuwa. In ka haɗa lambobin safannin da ka ɗora ka kai kauri 10 kana ƙari, soket ne ke son canji.