Kurakuran masu fara kallon finafinan Kurosawa

Na gaji da jin matasa masu sha'awar harkar fim suna cewa sun kalli finafinan darakta Akira Kurosawa, alhali wurin sara da suka kawai suka leƙa. Da farko ma a daina ce wa aikinsa fim ɗin Chanis. Mutumin Japan ne, an haife shi a Tokyo a 1910, ya rasu a 1998, ya bar finafinai 30.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne tsallake. Seven Samurai na 1954 minti 207 ne, sai ka ga yaro ya ɗora shi a waya yana jan sa gaba don ya isa wurin yaƙi. Haba malam! To me ka gani? Awa guda ta farko manoma ne ke yawo suna neman mayaƙan da za su kare musu ƙauye daga 'yan fashi. Abin biyansu shinkafa ce kawai, su kuwa gero suke ci don su ciyar da baƙin. Wanda bai zauna ya ga wannan ba, faɗan ƙarshe cikin ruwan sama da taɓo ba zai girgiza shi ba, tunda bai san su wa ke mutuwa ba. Ni sai bayan isha'i nake kunna shi, a talabijin, wayata a kashe, kuma ba na tashi sai inda Kurosawa da kansa ya sa hutun rabin lokaci.

Sai masu zaton takobi kaɗai ya iya. Ku nemi Ikiru na 1952: ma'aikacin gwamnati ya shekara 30 yana buga hatimi, ciwon dajin ciki ya kama shi, ya ƙarar da sauran kwanansa wajen ganin an gina wa yara filin wasa. Takashi Shimura ne ya fito a ciki, shi ne kuma shugaban mayaƙa bakwai ɗin na Seven Samurai.

Wasu na cewa kaboyi ya kwaikwaya. Ya so finafinan John Ford, daraktan kaboyi na Amurka, gaskiya ne, amma The Magnificent Seven na 1960 daga labarin Seven Samurai aka ɗauko shi, darakta Sergio Leone na Italiya kuma ya kwashi labarin Yojimbo, wani fim ɗin Kurosawa, har kamfanin finafinai na Toho na Japan ya kai ƙara. Sholay ɗin nan da iyayenmu suka haddace ma akwai jinin Seven Samurai a jikinsa.

Ku kuma masu son zama daraktoci, kuna kwaikwayon ruwan samansa kuna barin rubutu. Da shi ake rubuta labarin, shi ke tace fim ɗinsa da hannunsa. Ku fara gyara labarinku kafin ku ɗauki kyamara.