Yadda za ka haɗa U-Boot ka ɗora wa Orange Pi PC

Samarinmu da ke karatun kwamfuta a Jidda da Madina sukan sayi wannan ɗan allo, wato Orange Pi PC, 'yar ƙaramar kwamfuta, saboda arha. Ba zai tashi ba sai da manhajar tayarwa, ita ce U-Boot.

Da farko, a kwamfutarka mai Ubuntu ka saka gcc-arm-linux-gnueabihf, bison, flex, swig, libssl-dev da python3-dev. Sai ka sauko da U-Boot ta git, ka shiga jakarsa ka rubuta:

make orangepi_pc_defconfig
make CROSS_COMPILE=arm-linux-gnueabihf-

Kada ka manta da 'yar alamar "-" da ke ƙarshen umarni na biyu. Idan ya gama, za ka ga fayil mai suna u-boot-sunxi-with-spl.bin.

Nan ne wurin taka-tsantsan, ɗan'uwa. Soka katin SD a kwamfutarka, ka duba sunansa da umarnin lsblk, ka sake dubawa, domin dd, umarnin da zai rubuta fayil ɗin a kan katin, ba ya tambaya, ba ya tausayi. In ka ba shi faifan kwamfutarka, sai dai ka yi salati. In sunan katin sdb ne:

sudo dd if=u-boot-sunxi-with-spl.bin of=/dev/sdb bs=1024 seek=8

Wannan 8 ɗin ba ado ba ne. Guntun Allwinner H3, ƙwaƙwalwar allon, yana neman manhajar tayarwa a kilobayit na 8 daga farkon kati, a can yake fara leƙawa.

Bayan ka rubuta umarnin sync, saka katin a allon, ka haɗa wayar UART mai bolt 3.3, wadda ke kai saƙon allon zuwa kwamfutarka, TX (mai aikawa) zuwa RX (mai karɓa), gudun 115200, sannan ka ba shi wuta. Rubutu zai fara zubowa a kwamfutarka.

Ka kuma manna masa ƙarfen shanye zafi, don H3 da zafin Jidda ba sa ga maciji.