Kurakuran da muke yi wa manyan motocin alfarma a ƙasar dusar ƙanƙara

Wata safiyar Janairu, a hunturuna na farko da mota a Ottawa, na fito daga gida riƙe da butar shayi. Ba shayin zan sha ba. Gilashin gaban motata ne ƙanƙara ta kama kamar an yaɓe shi da siminti, ni kuma na makara wurin aiki. Ina shirin kwarara ruwan zafin ke nan sai wani dattijo maƙwabcina, da ke share ƙofar gidansa da shebur, ya daka mini tsawa daga tsallaken titi. Da ya ƙyale ni, da gilashin ya tsage nan take, don gilashin da ya kwana cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri ba ya jure tafasasshen ruwa. Kuma a motar alfarma irin wannan ba gilashin kaɗai za ka biya ba. Akwai kyamara manne a bayansa, da na'urar da ke jin saukar ruwa, in an canza gilashi sai an sake saita kyamarar da kwamfuta. Dattijon ya shiga gida ya ɗauko mini abin kankare ƙanƙara na roba, ya ce in kunna hitar gilashi in jira.

Yawancinmu a Kano ko Kaduna ko Damagaram muka koyi mota, inda abokan gabarta su ne zafi da ƙura da ramuka. A nan kuwa sanyi ne da gishiri. Dabarun da suka raya motocinmu a gida, da dama daga cikinsu su ne ke kashe su a Kanada da arewacin Amurka da Jamus. Babbar mota kuma, irin su S-Class na Mercedes ko BMW 7 ko Lexus LS, ta fi ƙaramar saurin nuna fushi, domin na'urorin da za su lalace a jikinta sun fi yawa. Kowa ya ci zomo dai ya ci gudu.

Kuskuren da ya fi kai mutane cikin kwalbati shi ne na taya. Mutum zai ce maka motarsa duk ƙafa huɗu ke ja, 4MATIC ce ko xDrive ko quattro, don haka ba ya bukatar tayar hunturu. Jan ƙafa huɗu yana taimaka maka ka tashi daga tsaye, ka hau gangare ba tare da taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya ba. Amma ba ruwansa da tsayawa. In ka taka birki, kowace mota da tayoyi huɗun nan take tsayawa, kuma abin da ke tsakaninka da motar gabanka shi ne robar da ke taɓa titi. Mota mai nauyin tan biyu in ta fara sulɓi ba lallashi take ji ba. Robar tayar bazara tana sandarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, tun ma kafin dusar ƙanƙara ta zubo, ita ma wadda ake cewa ta kowane lokaci ce ƙarfinta raguwa yake yi. Tayar hunturu ta gaskiya tana da tambari a gefenta: dutse mai kai uku da hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Shi za ka duba, ba maganar mai sayarwa ba.

A lardin Kebek, wanda kogi kawai ya raba shi da Ottawa, doka ce: motar da aka yi wa rajista a can dole ta kasance da tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ontariyo ba a tilasta ba, amma kamfanonin inshora suna rage maka kuɗi in ka sa. Kada ka jira ranar da dusa ta fara sauka, don ranar kowa ke tunawa, layin garejin kuma sai ya kai makonni. Ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba ya fi.

Sai masu tsumulmula, waɗanda ke sayen biyu kawai su ɗaura a ƙafafun da ke ja. Wannan ya fi rashin sawa haɗari a wani lokacin, domin gefe ɗaya na motar zai kama titi, ɗayan kuma ya sake, sai ka ga mota ta juya tana kallon inda ta fito. Huɗu ake sawa, iri ɗaya. Ni shawarata ma, ka sayo musu wili nasu daban, ƙarami da inci ɗaya ko biyu in birkin motar ya ba da wuri. Wilin nan mai ƙyalli mai inci 20 da siririyar taya ado ne na bazara. Gishiri zai ci fuskarsa, ramukan da ke buɗewa a watan Maris kuma su lanƙwasa shi. Iska ma tana raguwa da kanta idan sanyi ya ƙaru, kusan awo ɗaya (PSI ɗaya) a ma'aunin iskar taya duk saukar digiri 5 zuwa 6. In fitilar taya ta kama da sassafe, sau da yawa ba faci take nema ba. Ka auna, ka cika daidai da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Taya kan nuna laifinta a rana guda. Gishiri kuwa shiru yake aikinsa, shi ya sa na fi jin tsoronsa. Hukumomin birane suna watsa shi a titi don ya narkar da ƙanƙara, kafin guguwa ma za ka ga fararen layuka a kwalta inda aka fesa ruwan gishiri. Idan sanyi ya tsananta har gishiri zalla ya kasa, sai a haɗa da sinadarin kalsiyam kulorayid, wanda ke jawo danshi ya manne wa ƙarfe. Duk wannan caɓi tayoyinka ke watsa shi a ƙarƙashin mota, ya shige lungunan da ido ba ya kaiwa: bututun man birki, bututun fetur, kusoshi, salansa, ƙarafan da ke riƙe da inji.

Kuskurenmu a nan iri biyu ne. Wasu sun daina wanke mota ɗungurungum daga Disamba har Afrilu, wai ai gobe ma za ta sake ɓaci. Wasu kuma suna wankewa, amma sama kawai, jiki na sheƙi ƙasa na ruɓewa. Wankin hunturu na ƙasa ne. Ka nemi wurin wankin da ke feso ruwa ta ƙarƙashi, ka riƙa zuwa kamar duk mako biyu, musamman a ranakun da sanyi ya ɗan sassauta, don a lokacin gishiri ya fi ɓarna. Bayan wanki ka goge robobin ƙofa da tsumma, ka ɗan yi tafiya kana taka birki a hankali ya bushe, in ba haka ba gobe ka tarar da ƙofa ta ƙi buɗuwa ko birkin ajiya ya liƙe.

Abin da ya ba ni mamaki da na fara ji shi ne gareji mai ɗumi yana iya ƙara tsatsa. Da na yi tunani sai na ga gaskiya ne. Motar da ta kwana a waje cikin tsananin sanyi, gishirin da ke jikinta a daskare yake, ba ya yin wani aiki sosai. Wadda aka shigo da ita ɗaki mai ɗumi kuwa, ƙanƙarar na narkewa, ta kwana tana jiƙe cikin ruwan gishiri, kullum haka har wata huɗu. Ba cewa nake ka bar garejinka ba, gata ne ga batir da inji. Amma mai gareji ya fi kowa bukatar wankin ƙasa, kuma ya riƙa bugun dunƙulen caɓin da ke taruwa a bayan taya kafin ya shiga.

Wani zai ce tasa jikin alminiyam gare ta, kamar Audi A8 ko Jaguar XJ, ba ta tsatsa. Jikin ne kawai. Kusoshi da bututai da kayan birki da dama ƙarfe ne, kuma inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe cikin ruwan gishiri, shi ma yana cinyewa ya zama farin gari. A lokacin kaka, kafin a fara watsa gishiri, ka sa a fesa wa ƙasan motar man hana tsatsa, amma ka tambaya ko za su huda jiki, ka kuma duba takardar garantinka tukuna. Baƙin kwaltan nan da ake shafawa a kan tsatsar da ta riga ta kama, rufe ta kawai yake yi tare da danshinta. Duk ɗan wurin da tsakuwa ta fasa fenti kuma a toshe shi da wuri, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Batir kuma, shi ne ke hana mutum zuwa aiki ranar da ta fi kowace sanyi. Sanyi na rage masa ƙarfi a daidai lokacin da inji ya fi nauyin tashi. Ita kuma babbar mota ba ta barci gaba ɗaya, ko a kashe take kwamfutocinta na ɗan lasar wuta. Ka haɗa da hitar kujera da ta sitiyari da ta gilashin baya, ga tafiyar ba ta wuce ta minti goma zuwa kanti, sai ya zama kullum abin da ake cira ya fi abin da ake mayarwa. In batir ya haura shekara huɗu, a gwada shi tun Oktoba. In mota za ta yi mako biyu a ajiye, misali ka tafi gida hutun ƙarshen shekara, ka jona mata ƙaramar cajar da ke riƙe batir a cike. Batirin da ya mutu yana iya daskarewa a sanyin da cikakke ba zai ko ji ba, kuma daskararre ba a jona masa waya, yana iya fashewa. A motocin Jamus da yawa batirin a but yake, akwai wuraren jona waya na musamman a ƙarƙashin bonet. Ga BMW kuma, in an sa sabo dole a sanar da kwamfutar motar, in ba haka ba za ta ci gaba da cajinsa kamar tsohon ne, ta gajarta masa kwana.

Yanzu ga ɗabi'un da muka zo da su a jaka. A gida in lagireto ya yi ƙasa, ruwan famfo ko na leda ake ɗura masa. A nan ruwa zalla daskarewa yake, in ya daskare kuma yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya fasa lagireto, wani lokaci har da jikin inji. Ruwan sanyaya inji da aka haɗa rabi da rabi yana jurewa har kusan digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma kowane kamfani da irin nasa, ba a cakuɗa su da ka. Cire tamostat da makanikanmu ke yi, a nan hauka ne, inji ba zai ɗumama ba, kai ma hita ba za ta ba ka komai ba. Baƙin mai mai kauri irin 20W-50 da muka saba da shi, da asubar Janairu kamar zuma yake, kafin ya zagaya inji ya gama goguwa. Abin da littafin motarka ya ce shi za ka zuba, galibi mai farawa da 0W ko 5W. Ruwan wanke gilashi ma akwai na hunturu, mai jure digiri 40 ƙasa da sifiri. Ka zuba shi tun na bazara bai daskare a tanki ba.

Barin mota tana aiki minti ashirin wai tana ɗumama, asarar mai ce kawai. Inji ya fi saurin ɗumi a kan tafiya. Minti ɗaya ko biyu, ko iya lokacin da gilashi zai washe, sannan ka ja a hankali ba tare da take totur ba. A Toronto ma dokar birni ba ta yarda mota ta wuce minti ɗaya tana aiki a tsaye ba. Abin da ba wasa a cikinsa shi ne hayaƙi: kada a tayar da mota a rufaffen gareji, kuma in dusa ta binne ta, ka fara tone bakin salansa kafin kowa ya shiga ya zauna. Iskar da ke kisa a nan ba ta da wari.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu manyan kuɗi. Ka kashe waifa mai kunna kanta kafin ka kashe mota, don in ta tashi da safe tana manne da gilashi za ta yage robarta ko ta ƙone ɗan injin da ke juya ta. Madubin da ke naɗe kansa, ka hana shi a watannin nan. Motocin da gilashin ƙofarsu ba shi da firam, irin Mercedes CLS ko Audi A7, gilashin na ɗan sauka in za a buɗe ƙofa, in ya daskare kada ka fizga, ka shafa wa robobin man silikon tun kafin sanyi. Na'urar rada da ke bayan tambarin gaba da kyamarori, dusa na rufe musu ido, ka share su da hannu, kuma kada ka bar wa mota riƙon gudu da kanta a kan ƙanƙara. Mai ƙafafun iska maimakon sifirin, in ka ga tana kwana a durƙushe ta gefe ɗaya, akwai yoyo, sanyi kuma zai ƙara shi har ya kashe famfon iskar. Shebur ba ya taɓa fenti, buroshi mai laushi ake sawa. Kafet ɗin ulu a naɗe shi a sa na roba mai baki. Farin tabon gishiri kuwa ruwan khal da ruwa rabi da rabi na fitar da shi.

Wannan magana ta shafi har wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Motocin Beljiyam da ake saukewa a Legas da Kwatano, da yawa daga waɗannan garuruwa suka fito, bayan sun sha hunturu bakwai ko takwas. Wani ƙanina ya kira ni daga Kano zai sayi ɗaya, yana ta yaba kujerun fata da sanyin esi. Na ce masa ya ajiye wayar a kunne, ya ari tocila, ya kwanta a ƙasa ya gaya mini abin da ya gani. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, an shafe ko'ina da baƙin fenti, sabo fil." Na ce ya sa makulli ya ɗan kankare kusa da bututun birki na baya. Ɓawon tsatsa ne ya zubo masa a fuska.