Sababbin zuwa Indiya, ku gama da takardu kafin Navratri ta kama

Kowace shekara haka ake yi. Ɗalibanmu su sauka Delhi a ƙarshen damina, daidai lokacin da ƙasar ke shiga jerin bukukuwanta, suna zaton rawa da launukan da suka saba gani a fina-finan Indiya ne kawai. Rawar tana nan, amma ofisoshi ma hutu suke tafiya.

Layin waya da canjin kuɗi ba abin damuwa ba ne, 'yan'uwa za su raka ku. A jerin bukukuwan, bikin Hindu na Ganesh Chaturthi ke buɗe fage a Agusta ko Satumba, ya fi ƙarfi a Mumbai da Pune da Haidarabad. Sai Navratri, bikin Hindu na dare tara, rana ta goma kuma Dussehra, da ake ƙona mutum-mutumin Ravana, mugun sarki a labarin addininsu, a filin Ramlila na Delhi. Ga hutun Gandhi ran 2 ga Oktoba, Diwali na biye. Ban da na Gandhi, ranakun na sauyawa kowace shekara, don haka ku duba kalanda.

Inda ake kuka shi ne FRRO, ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasashen waje. Idan bizarka ta wuce kwana 180, kwana 14 gare ka daga ranar da ka sauka ka yi rajista, kuma lissafin ba ya tsayawa don ana biki. Ta intanet ake yi, gaskiya ne, amma sai mai gida ya cika maka Form C, fom ɗin shaidar inda baƙo ya sauka, makaranta ta ba ka takardar shaidar ɗalibta. Mai gidan da na fara zama wurinsa ya karɓi kuɗin haya, ya ce "gobe", ya wuce ƙauyensu yin biki, wayarsa a kashe. Na yi ta sintiri tsakanin ƙofarsa da ofishin makaranta da aka garƙame da kwaɗo, ƙarshe sai da na biya tara. Kada ka miƙa ko rupi ɗaya sai ka ga Form C da idonka. Muna faɗa, yaro ya ce ai mutumin na da kirki. Kirki ba ya cika fom.

Sai maganar nama. A kwanakin Navratri Hindu da yawa ba sa cin nama, wasu har albasa da tafarnuwa suke bari, a wasu unguwanni kuma ana rufe shagunan mahauta. Kai kuma ka aza soyen kaza, ƙamshi ya cika bene, gobe ka ce an kore ka don kai baƙi ne. Tambayi mai gida tun kafin ka sa hannu a yarjejeniya. Mai kwaɗayi ya nufi unguwannin Nizamuddin ko Zakir Nagar a Delhi, halal na nan birjik.

Mutanenmu da suka daɗe a nan sun yi suna da zaman lafiya da maƙwabta, kada ku ɓata mana. In an miƙo maka prasad, abincin da aka kai wurin bautarsu, ba dole ka ci ba. Ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya, ka wuce ba tare da wa'azi ba.