Kurakuran da muke yi wajen karanta hadari

Daga Gumel har Ɗambatta, kuskuren da ya fi yawa shi ne auna hadari da baƙinsa. Baƙin nan kauri ne kawai, hasken rana ya kasa ratsawa. Tsayinsa ya kamata a duba. Rana takan gasa ƙasa tun hantsi, iska mai laima da ke zuwa daga tekun Atlantika ta ɗau zafi ta yi sama. A can sai ta huce, laimar ta dunƙule ta zama girgije. In ya yi ta hawa har ya haura kilomita 12, kansa ya baje, to shi ne mai ruwa da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara.

Wasu kuma suna sa ido inda iska ke fitowa. Ai hadarinmu daga gabas yake tasowa, domin akwai wata iska mai ƙarfi can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, da ke kora shi yamma.

Wanda ya fi cin manomi shi ne fita shuka da hadarin farko. A watan Mayu iskar da ke kusa da ƙasa a bushe take, ruwan yakan ƙafe tun a hanya. Za ka ga zare-zare na lilo a ƙarƙashin girgijen, ba su taɓa ƙasa ba. Abin da ke isowa sai iska mai sanyi da ta faɗo daga cikinsa, ta ɗebo jar ƙura, ta yaye rufi. Ko an sami yayyafi, a tona gona a ga zurfin laima, a kuma saurari hasashen hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, a rediyo. Iri ya yi tsadar da ba a binne shi sau biyu.

Akwai girgijen da ke firgita mutane, mai ƙulli-ƙulli a rataye kamar hantsar saniya. Iska mai sanyi ce ke nutsowa daga kan hadarin, kuma galibi bayan ƙarfinsa ya wuce ake ganinsa.

Amma fakewa a gindin kuka ko ɗorawa, wannan rai yake ci, musamman yara masu kiwo. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3. In tsakanin walƙiya da cida bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar gona, a nisanci dogayen itatuwa da bakin tafki, a shiga ɗaki ko mota.